Wa Zai Cika Rumbun Gobir?

Jama'a, ran 13 ga watan Yuli na 2023 Gwamnatin Tarayya ta yi shelar cewa sha'anin abinci a Nijeriya ya shiga halin dokar ta-ɓaci. Aka yi alkawarin taki da iri, da noman rani a bakin madatsun ruwa, da tanadin hatsi, da tsare manoma a gonakinsu. Waɗanda suka manyanta a cikinmu ba su yi mamaki ba, domin kunnensu ya saba da irin wannan shela tun zamanin Janar Gowon. Abin da muke nufi a wannan mako shi ne mu ɗauko maganar daga teburin Abuja, mu kai ta wani gari guda, mu aza ta a ma'auni. Garin kuwa shi ne Unguwar Lalle, cikin Ƙaramar Hukumar Sabon Birni ta Jihar Sakkwato, can ƙasar Gobir, inda tafiya kaɗan ce ta raba mutum da iyakar Jamhuriyar Nijar.

Wataƙila wani ya ce, me ya haɗa wannan fili da maganar taki da madatsar ruwa? Amsa ita ce, kiyaye rai yana cikin manyan abubuwa biyar da malamai suka ce Shari'a ta zo domin ta tsare su, rai kuwa da abinci yake tsayuwa. Bugu da ƙari, masu sayen hatsi da kaka su kulle a sito, da masu sa hannu a takardar rabon taki, yawancinsu masu karanta wannan shafi ne. Saboda haka maganar tamu ce, mu da ku.

Ƙasar Sabon Birni da Isa iri biyu ce. Akwai tudu mai rairayi, inda ake shuka gero da maiwa da dawa da wake, a dogara ga damina wadda da wuya ta wuce wata huɗu. Akwai kuma fadama, wadda gulabe suka shimfiɗa: Bunsuru da Gagare masu tasowa daga kudu, da Gulbin Maraɗi wanda ya fito daga ƙasar Katsina, ya shiga Nijar, ya ratsa ta Maraɗi, sa'an nan ya komo Nijeriya. Ruwansu ne ke haɗuwa ya zama Gulbin Rima, ya gangara Goronyo da Wurno har Sakkwato. In ruwa ya janye, fadama ta ba da shinkafa da albasa da alkama da dankali. Watau dai manomin wannan yanki ƙafa biyu gare shi, in ta tudu ta gurɗe sai ya dogara da ta fadama.

A wannan kwari ne Sarkin Gobir Babari ya kafa Alƙalawa a tsakiyar ƙarni na 18, a nan Bawa Jan Gwarzo ya yi mulki, a nan kuma birnin ya faɗi hannun mujahidai cikin 1808. Bayan shekaru masu yawa wasu Gobirawa suka rabu da 'yan'uwansu na Tsibiri suka kafa Sabon Birni, daga baya Turawan Ingila da na Faransa suka ja layi a tsakani, Tsibiri ta faɗa can, Sabon Birni nan. An yi yaƙe-yaƙe masu zafi a wannan ƙasa, amma akwai abin da Gobirawa da Sakkwatawa ba su taɓa saɓani a kansa ba: gari ba ya zaunuwa sai da ganuwa, da rumbu, da kasuwa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a littafinsa Usulus Siyasa wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Umaru Dallaji, ya lissafa wa shugaba ayyukansa, a ciki har da kula da manoma da masu sana'a, da kwaɗaitar da talakawa su nemi abinci su kuma yi tanadinsa, da raya ƙauyuka, da gina garuruwa masu ganuwa, da gyaran hanyoyi da kasuwanni. Mai karatu ya riƙe wannan lissafi, za mu bukace shi a gaba.

Yadda magabata suka yi da fari

Fari ba baƙo ba ne a Gobir, kuma mutanen da ba su jira shi da hannu sake ba. Da kaka, in an yanke gero, ba a sussuka shi. A ɗaure shi dami-dami da zangarniyarsa, a jera cikin rumbu ko rufewa, a rufe. Geron da aka ajiye haka yakan shekara biyu ko uku bai lalace ba, alhali wanda aka sussuke aka zuba a buhu ƙwari na iya cin ƙarfinsa kafin damina ta zagayo. Duk almajirin da ya kai Suratu Yusuf ya san wannan ita ce dabarar da Annabi Yusufu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ba mutanen Masar a kan shekaru bakwai na wadata da bakwai na tsanani, watau a bar hatsi cikin zangarniyarsa sai ɗan abin da za a ci.

Hikimar ba ta tsaya ga ajiya ba, har da lokacin buɗewa. Maigida yakan rufe rumbun gandu bayan kaka. Samari su tafi cin rani, su rage wa gida baki, waɗanda suka rage su lallaɓa da abin da gayauna ta bayar da ɗan abin sana'a. Ba a taɓa babban rumbu sai ruwa ya sauka an kama noma, lokacin da jiki ke bukatar tuwo da fura, hatsi kuma ya yi tsada a kasuwa. Wanda Allah ya hore wa yakan keɓe rumbun tsimi, wanda ba a buɗewa sai shekara ta ɓaci. A bayan rumbu akwai akuya da tunkiya, waɗanda ake kaiwa kasuwa in hatsi ya yanke. A bayan su kuma akwai dangi na ƙetaren iyaka, domin ruwa ba ya ƙin sauka ko'ina lokaci guda. Da wannan tsari ne talaka ya ratsa miyagun shekaru, ba tare da an rubuta masa shi a wata takarda ba.

Inda aka sha wuya ƙwarai kuwa, in aka bincika, sai a tarar fari ya sami mataimaki. A yunwar 1914, wadda tsofaffi ke kira Ƙaƙalaba, harajin kuɗi na Turawa ya riga ya koya wa manomi fitar da hatsinsa kasuwa tun da kaka. A yunwar 1984, bayan ƙarancin ruwa, Gwamnatin soja ta Nijeriya ta rufe iyakoki, abincin da ya saba shiga Nijar ya tsaya, har mutanen can suka laƙaba wa shekarar sunan El-Buhari. A 2005 ma, lokacin da yara suka yi ta mutuwa a jihar Maraɗi, akwai hatsi a kasuwanni, kuɗinsa ne ya fi ƙarfin talaka.

Shiri bayan shiri

Tun bayan babban farin 1973 kowace Gwamnati da nata shirin. Janar Obasanjo ya zo da shirin ciyar da ƙasa cikin 1976, Shugaba Shagari da nasa na bunƙasa noma cikin 1980, Janar Babangida da hukumar abinci da hanyoyin karkara cikin 1986. Shirin Fadama na Bankin Duniya, wanda aka fara a farkon shekarun 1990, ya yaɗa rijiyar burtsatse ƙarama da injin ban-ruwa, kuma a ganinmu yana cikin 'yan kaɗan da manomin Rima ya taɓa da hannunsa. Cikin 2012 aka shiga raba taki ta saƙon wayar salula. Cikin Nuwamba 2015 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da rancen manoma na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi, aka ba da fiye da naira tiriliyan 1 kafin a dakatar, wani kaso mai yawa kuma bai dawo ba. Ba mu ce duka asara ce ba, noman shinkafa ya ƙaru. Amma a lura, kusan dukansu a kan yadda za a shuka suka tsaya. Abin da zai sami hatsin bayan an yanke, da wanda zai kasance yana riƙe da shi a watan Agusta, ba a cika tambaya ba.

Madatsun ruwa su ne suka fi cin kuɗi, su ne kuma suka fi dacewa a tsaya a kansu. An gama ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, kusa da Talatar Mafara, cikin 1978. Aka tashi mutane daga gonakin gado, diyya ta yi ta jan ƙafa, manoma suka tare hanyoyin aikin, cikin Afrilu 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan, mutanen wurin sun ce ɗaruruwa ne suka mutu. Waɗanda ke ƙasa da madatsar kuma suka wayi gari ambaliyar da ke jiƙa musu fadama kowace shekara ta ragu, noman shinkafa da su suka ja baya. An ƙirƙiri fadamar injiniya, an raunana wadda aka tarar.

Ta Goronyo, wadda ke tare ruwan da ya ratso ƙasar Sabon Birni, an gama gininta cikin 1984, tana iya ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 942. Cikin Satumba 2010 ruwa ya yi mata yawa, ambaliya ta share ƙauyuka da gonaki, har ta karya gadar da ke kai mutum mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Shekara takwas bayan haka, a bazarar 2018, sai ga madatsar ta ƙafe har abin da ya rage bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, birnin Sakkwato ya shiga fargabar ruwan sha. Madatsa guda, cikin shekara takwas, ta nuna mana fuskoki biyu na abin da ake kira sauyin yanayi.

Gama ya kamata a fahimci yadda abin yake. Ruwan sama ya ɗan farfaɗo in aka gwada da shekarun 1970 da 1980, amma halinsa ya sake. Masu binciken yanayi sun nuna cikin 2017 cewa manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a yankin Sahel tun daga 1982. Ruwan da ya kamata ya sauka a hankali cikin mako uku sai ya zubo cikin dare ɗaya, ya kwashe taki da shuka, ya rusa rufewa, sa'an nan a yi kwana ashirin ba ɗigo, gero ya ƙone yana ƙarami. Manomin da ya yi binne sai ya sake shuka sau biyu ko uku, irin kuwa daga abincin yara ake ɗibarsa.

Abin da maƙwabta suka yi da kututture

Ba sai an je Indiya ko Isra'ila neman magani ba, ga shi nan a bayan gida. A jihar Maraɗi, tun daga 1983, wani malamin gona mutumin Ostireliya, Tony Rinaudo, wanda ya gaji da dashen itatuwan da ke mutuwa, ya lura cewa ƙananan tsirran da manoma ke sarewa a lokacin sassabe ba ciyawa ba ne, tohon tsofaffin itatuwa ne waɗanda saiwarsu ke nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Maimakon a sare duka a ƙone, sai a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture, a datse sauran, a bar su su tashi. Mutanen can suna kiran wannan sassaben zamani. Ba ya bukatar gandun reno, ko tankar ruwa, ko ɗan kwangila, wuƙa ce kawai da haƙuri. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an raya kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200.

Kowane manomi ya san gawo. Da damina yake zubar da ganye, saboda haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyen ya zama taki, da rani kuma ya yi kore ya ba dabbobi 'ya'ya. Geron gindin gawo daban yake. To, me ya hana a bar shi tun da? Tsoron malamin daji. Muddin itace na hukuma ne, a ci mutum tara in ya sare reshe a gonarsa, manomi ya gwammace ya kashe tsiron tun yana ƙarami. Da aka sassauta, manomi ya tabbata itacen da ya rena nasa ne, sai gonaki suka cika. Wannan darasi na ma'aikata ne. Sakkwato tana cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi cikin 2007, tana kuma cikin masu cin gajiyar rancen dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi cikin 2021 domin farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa. Muna roƙon masu riƙe da waɗannan kuɗi, in sun zo ba da rahoto, su faɗa mana itace nawa ya kai shekara uku da rai, domin lissafin wanda aka dasa ranar biki a gaban kyamara mun ji shi ya ishe mu.

Ranar kasuwa

Duk abin da muka faɗa a sama yana bukatar abu guda, watau manomi ya iya fita gona ya komo. Tun daga wajen 2019 wannan ya gagara a wurare da yawa na gabashin Sakkwato. Ran 27 ga Mayu 2020, ana shirin shuka, 'yan bindiga suka afka wa Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma da Masawa, suka kashe fiye da mutum 70. Cikin Oktoba 2021 suka shigo kasuwar Unguwar Lalle a kan babura, suka kashe kimanin mutum 20, suka ƙone motoci. Bayan 'yan kwanaki suka yi wa kasuwar Goronyo haka, aka rasa sama da 40. Cikin Disamba na wannan shekara aka ƙone matafiya cikin mota a Gidan Bawa. Cikin Agusta 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi a hanya. Allah ya jiƙansu baki ɗaya. Dubun dubatar mutane suka tsallaka jihar Maraɗi gudun hijira, waɗanda suka zauna kuma aka aza wa ƙauyukansu kuɗi, a biya kafin a yi noma, a sake biya kafin a yi girbi.

A duba yadda wannan ya kwance tsarin magabata ɗaya bayan ɗaya. Gonar nesa an bar ta, an taru a kan 'yan gonakin bakin gari waɗanda suka gaji. Rumbu cike ya zama abin tsoro, domin shi ake fasawa ko a cinna masa wuta, don haka gara a sussuke a sayar da kaka ko da a wulaƙance. Dabbobin da ake fansar kai da su an kore su. Makiyayi na kirki, wanda da yake sauka a gona da rani ya bar taki a ba shi hatsi, shi ma an sace masa shanu, an kuma daina yarda da shi. Kasuwa ce ta rage, inda mai akuya ke haɗuwa da mai gero, ita ma aka bi ta da wuta. Wanda ya harbi kasuwar ƙauye ya san abin da yake yi.

Matakan da hukuma ta ɗauka su ma sun taɓa talaka a inda ke masa ciwo. Cikin Satumba 2021 aka hana cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, aka taƙaita sayar da man fetur, aka katse layukan waya. An yi ne domin a ƙuntata wa ɓarayi, kuma ba mu zargin niyyar. Amma akuya ita ce bankin matar ƙauye, fetur kuma shi ne ruwan mai noman rani. Cikin Mayu 2023 aka janye tallafin mai, kuɗinsa ya ninka kusan sau uku cikin 'yan kwanaki, injin ban-ruwa ya zama kayan ado a gidaje da yawa. Iyaka kuwa an rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufewa daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024 saboda juyin mulkin Nijar. Ga mai zama a Abuja iyaka layi ce a taswira. Ga Bagobiri hanyar gidan kawunsa ce.

Da tsada ta kai maƙura cikin 2024, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100, Gwamnati ta ba da umurnin fitar da tan 42,000 na hatsi daga rumbunanta, ta kuma ɗage haraji a kan shigo da wasu kayan abinci na kwana 150. Farashi ya sauka cikin 2025, mutanen birni suka numfasa, manoma kuwa suka koka, domin hatsi ya faɗi, taki bai faɗi ba. Yanzu mai karatu ya koma ga lissafin Muhammadu Bello, ya duba da kansa: ganuwa, hanya, kasuwa, tanadi. Wanne aka cika wa mutumin Unguwar Lalle?

Ga 'yan kasuwa da ma'aikata

Ya ku 'yan'uwa masu cinikin hatsi, ba mu cikin masu cewa duk mai sito azzalumi ne. Cikin Fabrairu 2024, da hukumar yaƙi da rashawa ta Jihar Kano ta rufe wasu sito-sito a Dawanau bisa zargin ɓoye abinci, jama'a sun yi ta tafi, 'yan kasuwa kuma suka musanta. Gaskiya ita ce, in babu mai ajiya daga kaka zuwa damina, babu abin da za a saya a watan Yuli. Malaman Malikiyya sun bambance al'amarin sarai. Wanda ya ajiye abin da ya noma, ko ya yi wa iyalinsa tanadin shekara kamar yadda ya tabbata Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya yi, ko ya jawo kaya daga wata ƙasa, ba shi da laifi. Abin hani shi ne a bi kasuwa a kwashe abinci a lokacin da kwashewar ke cutar da mutane, a kulle ana jiran su galabaita. In tsanani ya kai, shugaba na da ikon tilasta a fitar a sayar.

Amma akwai wata ɓarna da ta fi wannan yaɗuwa, ba a kuma cika hawa mumbari da ita ba. Ita ce bashin damina, a ba manomi tiya ɗaya ta gero a watan Agusta, a karɓi biyu da kaka. Hatsi da hatsi iri ɗaya, da ƙari, da jinkiri, wannan riba ce tsantsa ko da wane suna aka kira ta. Ita ce ke sa manomi ya yi girbi rumbunsa wayam, ya sake komawa gun mai bashi baɗi. Alhali kuwa Shari'a ta buɗe ƙofar da ɗan kasuwa zai ci halas manomi kuma ya sami kuɗin aiki, watau cinikin salam: ka biya kuɗi duka a hannu tun da bazara, a kan hatsi mai sanannen iri da sanannen ma'auni, zuwa sanannen lokaci. Sai dai a ji tsoron Allah wajen yanke farashin, kada a mai da halas ta zama igiyar shaƙe mabukaci. Wanda ya saya da rahusa a ƙauye kuma, ya tuna da ƙauyen in damina ta yi tsakiya, ya komar da wani abu kasuwarsa. Ba duka za a loda zuwa Legas da Fatakwal ba.

Ku kuma ma'aikata, daga Babban Sakatare har malamin gona, amanarku lokaci ce da suna. Takin da ya iso a ƙarshen Agusta, gero ya riga ya fitar da kai, sai dai a sayar wa ɗan kasuwa, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya. Jerin sunayen da aka cika da 'yan siyasa da mazauna birni waɗanda ba su san inda fartanya ke cin hannu ba, shi ke sa a ce manoma ba su biyan bashi. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da lokacin saukar ruwa da na ɗaukewarsa. In hasashen ya kwana a cikin fayil, bai kai ga rediyo da ƙofar masallacin Juma'a da Hausar da manomi ke ji ba, an yi aikin banza. Akwai kuma mutanen da shirye-shiryenmu ba su san da su ba, watau manomin da ke zaune a makarantar firamare a Sabon Birni ko Isa, gonarsa tana hannun daji. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum, Ta'alimur Radi, a kan hukuncin mallakar ƙasa da raya matacciyarta. Ya kamata alƙalai da hakimai su fara tunani tun yanzu a kan ranar da waɗannan mutane za su koma, kada wanda tsoro ya kora ya tarar an ce gonarsa ba ta da mai ita.

Sauran zakka. Nisabin hatsi wusiƙi 5 ne, watau sa'i 300. Abin da ruwan sama ya shayar ana fitar da ɗaya cikin goma, shi ne damin nan ɗaya da manomi ke warewa cikin kowane goma. Abin da aka shayar da wahala, da jigo ko da inji, rabin haka ne, domin Shari'a ta san ruwa na da tsada. A mazhabarmu ana raba ta nan take, a inda ta wajaba, sai fa in akwai waɗanda suka fi bukata a wani wuri. To, ga shi yau a gabashin Sakkwato da yawa daga masu fitar da zakka sun koma masu karɓa, wanda ke cika rumbu uku ba ya kai nisabi. Wannan hujja ce ga masu dukiya na Sakkwato da Kano da Kaduna su juyo da wani kaso na zakkarsu can. A shekarar yunwa ta 18 bayan Hijira, Sayyidina Umar bai bar Madina da ƙauyukanta su ji da kansu ba, ya rubuta wa gwamnoni, ayarin abinci ya taso daga Sham.

Tun da zakka ba a kulle ta a jira damina, rumbun tsimi na gari sai ya fito ta hanyar waƙafi. Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato tana nan, attajirai na iya saye da kaka su damƙa, a ranta wa manoma lokacin noma, tiya ɗaya a mayar da tiya ɗaya. Nijar ta gwada irin wannan da bankunan hatsi na ƙauyuka, da yawa kuma sun mutu, saboda an ci ba a mayar ba, ko masu riƙon mabuɗi sun ci amana. Don haka mabuɗi ya zama uku, ɗaya gun liman, ɗaya gun wakilin manoma, ɗaya gun wakiliyar mata, a auna a gaban jama'a, a karanta lissafi da baki ranar Juma'a. A halin da muka bayyana kuwa, ba za a gina irin wannan rumbu a ƙauyen da ke kwana a buɗe ba. Sai a fara da garuruwan da ke da jami'an tsaro, a riƙa fitar da hatsin da rakiya zuwa kasuwannin mako, ta Unguwar Lalle na ciki, daga noman firi har sabon gero ya shigo.